Hanyar Bayan Sito

Injin kwafi ya haɗiye takardar ya ƙi fito da ita. Auta ta buɗe murfin gefe, ta zura yatsu biyu cikin zafin injin, ta jawo ta a hankali don kada ta yage. Shekara biyu tana aiki a wannan shagon, har ta saba kallon takardun mutane ba tare da ta ga abin da ke cikinsu ba. Amma yau tana miƙar da lanƙwasar takardar sai idonta ya faɗa kan sunan unguwarsu.

Sanarwa ce daga majalisar gari. Kamfanin da ke da babban siton nan na bakin titi ya nemi izinin zagaye filinsa da katanga, har da hanyar ƙafa da ta bi ta bayansa. Kwamitin filaye zai zauna ranar Laraba, bakwai ga wata, da ƙarfe goma na safe. Duk mai ƙorafi ya rubuto, ko ya zo da kansa.

Masinjan da ya kawo takardar, wani dattijo mai furfura a gemu, yana tsaye yana fifita da fayil.

"Kwafi uku na ce, 'yata, ban ce karatu ba."

"Malam, a ina za a liƙa wannan?"

"Ɗaya ta fayil, ɗaya ta kamfani, ɗaya ta allon sanarwa."

"Allon yana ina?"

"A bene na biyu, kusa da ɗakin ajiya."

"Wa yake hawa can?"

"Ni," in ji shi, ya yi dariya.

Auta ta mayar da takardar, ta danna huɗu. Da ta miƙa masa uku ta riƙe ɗaya, sai ya ɗaga gira.

"Ta huɗun fa?"

"An rubuta sanarwa ga jama'a. Ni ma jama'a ce, Malam."

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya cusa nasa cikin fayil ya fita.

Hanyar ba wata abar kallo ba ce. Ƙasa ce da ƙafafu suka daddaɓe tsakanin bangon sito da magudanar ruwa, tafiyar minti biyar. Sai dai ita ce ta haɗa unguwarsu da makarantar firamare, da ƙaramin asibiti, da tashar mota. In aka toshe ta, sai a zagaya ta babban titi, tafiyar kusan rabin awa a gefen kwalta inda tireloli ke wucewa suna kaɗa wa mutum riga.

Da yamma ta ajiye takardar a gaban Baba. Yana zaune a tsakar gida, ya cire takalmi yana matsa yatsun ƙafarsa. Shekara ashirin da uku yana tuƙi a majalisa, saura biyu ya yi ritaya, kuma a 'yan shekarun nan shugaban kwamitin filaye yake ɗauka. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ninke ta, ya miƙa mata.

"Na sani. Tun watan jiya nake jin zancen a mota."

"Ba ka faɗa mana ba, Baba?"

"Abin da aka faɗa a kujerar baya, a nan yake zama, Auta. Da haka na kai yau a aikin nan."

Yayanta yana bakin famfo yana goge baƙin mai daga hannunsa da garin sabulu. Makanikin babura ne, ya girme ta da shekara huɗu, kuma bai taɓa barin magana ta wuce shi ba.

"Ke dai akwai ki da neman magana," ya ce. "Kin taɓa ganin an kira talaka an tambaye shi ra'ayinsa don a yi aiki da shi? An gama komai tuni. Takardar nan ta cika fayil ce kawai."

"Ka taɓa zuwa ka gani, Yaya?"

"In je in yi me? In rufe gareji in je in kalli masu manyan riguna suna hamma?"

Inna tana ninke wanki a kan tabarma. Ba ta ɗago ba ta ce, "'Yar yayarku ta nan take bi zuwa makaranta. Shekararta shida."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki da takalmansa a hannu.

Washegari Auta ta roƙi mai shagon ya bar ta ta buga kwafi arba'in. Ya yarda, da sharaɗin kada sunan shagonsa ya fito a ko'ina. Ita da ƙawarta Doguwa, wadda ke koyarwa a firamaren, suka bi unguwa suna liƙawa a jikin falwaya, da wajen injin niƙa, da ƙofar shagon aski. Auta ta ɗauka mutane za su tashi tsaye da zarar sun karanta. Abin da ta samu daban ne. Wasu suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da harkarsu. Wata tsohuwa ta sa mata albarka ta tambaye ta ko an sa ranar aurenta. Mai askin kuwa ya tsayar da almakashi ya ƙare mata kallo.

"Wace jam'iyya ce ta turo ki?"

"Ba wadda ta turo ni."

"To me za ki samu?"

"Hanya," ta ce. "Ta nan nake zuwa aiki. Kai ma ta nan kake bi."

"Ni ai babur gare ni," in ji shi, ya koma kan kan da yake askewa.

Ranar Litinin ta nemi izinin awa ɗaya ta tafi majalisa. Sau da yawa ta wuce ta gaban ginin, amma ba ta taɓa shiga ba. Mai gadi ya tura ta wani ofis, na ofis ɗin ya tura ta wani, sai a na uku ta samu magatakardar kwamitin, wata mata mai jiki da tabarau a rataye a wuya. Auta ta fara bayani tana haɗa kalmomi, yara, tireloli, mata masu ciki. Matar ta bar ta ta gama, sannan ta jawo wani fayil ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya na takardar kamfanin. An rubuta cewa hanya ce da aka daina bi.

"Amma wannan ba gaskiya ba ne!"

"Ni ban ce gaskiya ne ba, ban ce ƙarya ne ba. Abin da ke cikin fayil ke nan, kuma fayil za su duba." Ta rufe shi. "Ki saurara, 'yar nan. Kuka ba ya shiga fayil. Ki rubuto takarda da sunanki da sa hannunki. In kin ce ana bin hanyar, ki faɗi mutum nawa, wace rana, wa ya ƙirga. Ki kawo mini kafin Juma'a ta wuce, zan buga mata hatimi a gabanki."

A hanyar komawa shago Auta ta yanke shawara. Ranar Alhamis za a ƙirga duk wanda ya bi hanyar, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ita za ta riƙe safiya har ƙarfe tara, lokacin buɗe shago. Wasu samari biyu 'yan ƙwallon unguwa suka yi mata alkawarin tsakar rana. Da la'asar ita da Doguwa su ƙarasa.

Ƙarfe shida ta zauna a kan wani bulo a bakin hanyar, da faffaɗan kwali a cinya da biro a hannu. Duk wanda ya wuce ta ja layi, in sun kai huɗu ta kwantar da na biyar a kansu. Da farko ma'aikata ne, jefi-jefi, har da na siton kansa. Wajen bakwai sai yara suka ɓarko kamar an buɗe musu ƙofa, jakunkuna suna dukan bayansu, manya suna jan ƙanana. Hannunta ya fara ciwo. Wani makaho ya zo yana shafa bangon sito da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya wuce bai yi tuntuɓe ba. Mata masu goyo suka bi, da katin asibiti a hannu. Mai baro ya wuce da buhuna, ya dawo fanko, ta tsaya tana tunani ko sau biyu za ta rubuta shi, ta rubuta sau biyu tunda sau biyu ya bi.

Tara ta yi, samarin ba su zo ba. Ta kira na farko, wayarsa a kashe. Na biyu ya ɗaga da muryar barci ya ce ga shi nan. Tara da rabi mai shago ya kira ta, ya ce layi ya taru, in ba ta son aikin ta faɗa masa. Ta dubi kwalin, rabinsa ya cika da layuka, ta ji idonta ya kawo ruwa. In ta tashi yanzu, ƙirgen rabin yini ne, kuma ta san abin da za a ce da shi.

Sai ga Yaya yana turo wani mataccen babur, akwatin kayan aikinsa a ɗaure a baya. Ya jingine shi a gindin bango, ya shimfiɗa buhu, ya fara zazzage sifanoni.

"Inna ce ta ce in zo in duba ko rana ta narkar da ke," ya ce, bai kalle ta ba. "Garejin ma zafi gare shi yau. Nan akwai iska."

"Yaya…"

"Ba ni abin nan ki wuce, kada a kore ki ki dawo kina cin abincina. Layi ɗaya mutum ɗaya, ko? Jariri a baya fa?"

"Shi ma mutum ne."

"To, Allah ya sa majalisa ta san haka."

Da ta dawo da la'asar ta tarar kwalin ya yi baƙi da shatin yatsu, ya juya bayansa ya ci gaba, kuma babur ɗin yana nan yadda ya zo, ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba. Da rana ta faɗi su uku suka haɗa kai suka lissafa sau biyu. Mutum dubu ɗaya da ɗari uku da sha biyu. Yara 'yan makaranta sun haura ɗari huɗu.

Yaya ya yi fito. "Ashe haka muke da yawa?"

Ranar Juma'a magatakarda ta karɓi takardar, ta karanta, ta buga hatimi, ta ba ta kwafi. Sannan ta rako ta har bakin ƙofa.

Ana saura kwana biyu zaman, Baba ya dawo da wuri. Bai cire takalmi ba. Ya kira Auta ɗakinsa, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi. Inna ta biyo ta ta tsaya a bakin labule.

"Yau shugaban ma'aikata ya kira ni," ya ce. "Ya nuna mini wata takarda, ya tambaye ni ko 'yata ce mai sunan nan."

"Me ka ce, Baba?"

"Me zan ce? Na ce 'yata ce." Ya shafa gwiwarsa. "Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai in tuna saura shekara biyu, kuma mutum yana son ya fita lafiya. Na san irin wannan maganar, Auta. Na ji an yi wa wasu ita, ina gaba ina tuƙi."

Ta sunkuyar da kai. Duk kwanakin nan tunanin yara take yi da tireloli, ba ta taɓa tsayawa ta auna abin da zai faɗo kan mutumin nan da ke tashi tun asuba yana goge motar wani ba. Ta ji kunya ta rufe ta.

"Baba, in ka ce in bari, zan bari. Gobe in je in janye takardar."

A waje ana jin Yaya yana buga wani ƙarfe.

"Ke kika ƙirga mutanen nan da kanki?"

"Ni da Yaya da Doguwa."

"Ba ƙari a ciki? Ko mutum ɗaya?"

"Babu."

Ya dubi Inna, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya ja dogon numfashi.

"Sunana kada ya fito daga bakinki a wurin. Kada ki ɗaga wa kowa murya, ko sun ɗaga miki. Ki isa tara da rabi, don goma tana yi ake rufe ƙofa." Ya fara kwance igiyar takalminsa, sannan ya ƙara da cewa, kamar da takalmin yake magana, "Ki zauna ta hagun shugaban kwamitin. Kunnensa na dama ba ya ji sosai, kuma ba ya son a sani."

Mutum sittin da uku ne suka yi mata alkawarin zuwa. Ta rubuta sunayensu, ta bi su gida-gida ranar Talata tana tunatarwa. Ranar Laraba, tara da rabi, mutum tara ne a ƙofar majalisa: ita, da Yaya, da Doguwa da ta bar ajinta a hannun wata malama, da makahon nan, da mata uku, da mai baro, da ɗaya daga cikin samarin da suka ƙi zuwa ƙirge, yana ta sosa ƙeya. Auta ta riƙa leƙen titi har mai gadi ya ce su shiga ko su tafi. Ya so ya hana Yaya saboda kayan aikinsa masu mai, Yaya ya ce ai takardar ba ta ce a zo da sabon ɗinki ba.

Ɗakin taron ya fi ƙarfin mutanen da ke cikinsa. Kujeru kusan ɗari, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. 'Yan kwamiti biyar suna zaune a dogon tebur, shugaban a tsakiya, magatakarda a gefe. Auta ta ja mutanenta suka zauna ta hagunsa.

Lauyan kamfanin ne ya fara. Ya yi magana a natse, ba alamar mugunta a tare da shi. Ya ce ana yi musu sata ta baya, ya ce mutum tamanin ke cin abinci a siton, ya ce filin nasu ne a takarda. Sannan ya miƙa manyan hotuna uku na hanyar, fayau, ba kowa sai wata akuya.

Shugaban ya duba fayil. "Akwai ƙorafi ɗaya. Mai shi tana nan? Minti uku."

Auta ta miƙe da shafi biyu da ta rubuta ta haddace. Ta karanta layin farko, sai haruffan suka haɗe mata. Wani ɗan kwamiti yana latsa waya. Ta tsaya. Ta ajiye takardar a kan kujera.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni hoton nan in gani."

Aka miƙo mata ɗaya. Ta dube shi da kyau.

"Hoton gaskiya ne, hanyarmu ce. Amma a duba, bango ba shi da inuwa, tsakar rana ce. Kuma ga ƙofar sito ta baya da kwaɗo. Ranar hutu kawai ake rufe ta. Ranar ba makaranta, ba awo a asibiti. Mu mun zauna ranar Alhamis, daga safe har faɗuwar rana, mun ƙirga mutum dubu ɗaya da ɗari uku da sha biyu. Ɗari huɗu da wani abu yara ne. In aka toshe, titin tirela za su bi."

Shugaban ya karkato da kansa. "Wace ƙungiya kike wakilta?"

"Ba ni da ƙungiya, ranka ya daɗe. Ina bin hanyar ne."

"Wa zai tabbatar da wannan lissafin?" in ji lauyan. "Kowa yana iya rubuta lamba."

Kafin ta buɗe baki Yaya ya miƙe, ya ɗaga kwalin sama da hannu biyu, ya juya gaba ya juya baya.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Inda ya yi tsabta nata ne, inda ya yi baƙi nawa ne. Yini guda na yi ban ɗaura ƙusa ko ɗaya ba. In ƙarya zan yi, ai da a gareji zan zauna in zana, in huta da rana."

Wani ya yi dariya, mai latsa wayar ya ɗago. Makahon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi ba ya ganin hoto, amma shekara sha ɗaya yana bin bangon nan, kuma kullum sai ya yi karo da mutum.

Mace ɗaya ce a cikin 'yan kwamitin, kuma ita ce ta ce tunda magana ta rabu biyu, a je a gani da ido. Lauyan ya ce ɓata lokaci ne. Auta ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"In za a zo, ranka ya daɗe, a zo ƙarfe bakwai na safe, ranar makaranta."

Shugaban ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. Aka kaɗa ƙuri'a, uku suka yarda, biyu suka ƙi. Magatakarda ta rubuta, kanta a sunkuye.

A waje Auta ta zauna a kan matakala. Doguwa tana ta murna, ita kuwa ba abin da take gani sai kujerun nan da ba kowa a kansu.

"Mutum tara," ta ce. "Cikin sittin da uku."

"Da ba ki liƙa takardar ba, da akuyar nan ce kaɗai za ta wakilce mu," in ji Yaya. "Tashi mu tafi, ina da aiki."

Ranar Talata ta gaba kwamitin ya zo, kuma Baba ne ya tuƙo su a doguwar motar majalisa. Auta tana tsaye a bakin hanyar ta hango motar ta tsaya can nesa, a gefen babban titi, wajen da mutane za su riƙa zagayowa in an yi katanga. Daga baya ta ji cewa shugaban ya tambayi dalili, Baba ya ce gaba akwai rami, nan ne kawai wurin tsayawa. Haka manyan nan biyar suka tako a gefen kwalta, a jere, suna riƙe da rigunansu. Tirela biyu suka wuce su. Ta biyun ta busa ƙaho, hular ɗaya daga cikinsu ta faɗa magudana. Da suka iso bakin hanyar, daidai lokacin yara suka ɓarko, sai da suka manne da bango suka ba su wuri. Ba wanda ya tambayi Auta komai. Baba yana can jikin mota, ya harɗe hannu yana kallon wani wajen.

Bayan mako uku hukunci ya fito. An ba kamfani izinin katanga, amma a bar mita biyu tsakaninta da magudana, hanyar jama'a ce, ba mai ikon rufe ta. A wannan makon ne kuma aka sauya wa Baba mota. Aka ba wani yaro sabon ɗauka motar shugaban, shi aka mayar da shi tankar ruwa, mai tashi tun kafin gari ya waye, mai sitiyari kamar dutse. Ba wanda ya faɗi dalili, shi ma bai tambaya ba.

Auta ta same shi a tsakar gida Inna tana shafa masa magani a kafaɗa. Ta durƙusa a gefensa.

"Baba, ka yafe mini."

"Me kika yi? Ni na ga rami." Ya motsa kafaɗar ya yamutsa fuska. "Ko ba komai, ruwa ba ya yi mini tsawa. Ki bar wannan fuskar, je ki kawo mini abin sha."

Katangar ta tashi cikin wata guda, doguwa, da waya mai ƙaya a samanta. Hanyar ta koma siririn lungu. In mai baro ya shigo, sai na gaba ya koma baya. Mai askin ya ce wa duk wanda ya zauna a kujerarsa ai da an bar manya sun yi magana, da mita huɗu aka samu. Auta ta ji, ta cije leɓe, ta wuce.

Wata ranar Asabar da hantsi wata maƙwabciyarsu, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, ta shigo shagon da 'yarta budurwa a bayanta. Tana cikin sittin da ukun da suka yi alkawari. Ta zauna a benci ba a ce ta zauna ba, ta fara da lungun, yadda ya matse, yadda ba fitila. Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. Famfon layinsu ya mutu wata uku ke nan, sai sun tsallaka titi suke ɗebo ruwa.

"Shi ne na ce bari in zo wajen Auta, tunda ke suke jin maganarki. Ki rubuta musu."

Auta ta dubi tarin aikin da ke gabanta. Rubuta takardar ba zai ɗauke ta minti goma ba, har ta kai hannu kan madannan kwamfuta. Sai ta janye.

"Gwaggo, ni ba a layinku nake ba. In suka tambaye ni yaushe ya mutu, ban sani ba. Wa ke ɗebo ruwan?"

"Ga ta nan," in ji Gwaggo, ta nuna 'yar da haɓa.

Auta ta zaro farar takarda ta ɗora a kan tebur, ta ajiye biro a kai, ta jawo kujera.

"Zo ki zauna."

Yarinyar ta dubi uwarta. "Ni, Anti? Ban san yadda ake farawa ba."

"Ni ma ban sani ba sai da na fara. Ki faɗi ko ke wace ce, a ina kike, me ya lalace, tun yaushe, gida nawa ke sha a wurin. Ki sa sunanki a ƙasa. Ranar Litinin zan raka ki har ƙofar ofis ɗin, amma ke za ki shiga."

"Yanzu ɗan wannan ma sai kin wahalar da mu?" in ji Gwaggo.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

Yarinyar ta zauna a bakin kujerar, ta ɗauki biron, ta juya shi a hannu.

"In suka ƙi fa?"

"Sai ki koma."

"In suka sake ƙi?"

"Suna zama duk Larabar farko ta wata."

Wani ya shigo da takardun makaranta yana sauri, Auta ta juya ta karɓa. Da ta waiwayo, Gwaggo tana ta mita ƙasa-ƙasa, yarinyar kuwa ta sunkuya, ta kare takardar da hannu ɗaya kamar mai jarrabawa, tana rubuta kwanan wata.